Wata uku ina koyon gajimare, shafina ya ƙi buɗewa: wai sai na koma na fara da netwok?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina leƙe a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Wata uku ke nan ina koyon aikin gajimare, wato kilawud kamar yadda aka fi kiransa. Na kalli bidiyo har idona ya gaji, in ka tashe ni daga barci zan faɗa maka bambancin EC2 (hayar kwamfuta) da S3 (ma'ajiyar fayiloli). Jiya na ce bari in yi abu da hannuna. Na buɗe saba, wato kwamfutar haya, mai Ubuntu a AWS, gajimaren Amazon, na shiga ta SSH, hanyar ba saba umarni daga nesa, lafiya lau, na ɗora wata 'yar manhaja da na rubuta da Flask, kayan gina shafi na Python, na kunna ta, ta ce tana aiki a ƙofa ta 5000. Na kwafi adireshin sabar na liƙa a burauza, na ƙara :5000 a ƙarshe. Shiru. Tana ta juyi har ta ce lokaci ya ƙure. Na goge sabar na sake sabuwa sau uku, duk kanwar ja ce.

Wani abokina ya ce wai na ɗora rufi ne ban haƙa tushe ba, sai na koma na koyi netwok tukuna, in da hali ma in yi CCNA, satifiket ɗin netwok na kamfanin Cisco. To tambayata biyu ce. Me ya hana shafin buɗewa? Kuma da gaske sai na ajiye gajimare na koma baya?

Malam_Kebul:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Na daɗe ina jan kebul da saita rauta, kuma abin da nake gani kullum ke nan: yaro ya haddace sunayen hidimomi, amma ka tambaye shi ta ina fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanan da ake aikawa, yake bi daga kwamfutarsa har ya isa saba, sai ya yi zuru. Gajimaren nan ba wani abu ba ne illa kwamfutocin wasu mutane da aka jibge a manyan gine-gine, kai kana haya. Me ya haɗa ka da su? Netwok. AWS sai 2006 ta fito da S3 da EC2, Azure sai 2010. TCP/IP kuwa, yaren da kwamfutoci suke magana da shi a intanet, tun ranar 1 ga Janairu 1983 ARPANET, kakar intanet, ta koma kansa, har gobe kuma a kansa komai yake tafiya. Ka ajiye sabar nan, ka sauke Packet Tracer, manhajar gwajin netwok, ka zauna wata shida. In ka dawo, matsalar nan ko minti biyu ba za ta ci maka ba.

Ɗan_Gajimare:
Malam, tuba nake, amma irin wannan shawarar ce take korar mutane. Mutum ya zo da ɗokinsa, ya buɗe saba, ya shiga ta SSH, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan wata uku, sai a ce ya tafi wata shida yana saita VLAN da STP a suwic ɗin da ba zai taɓa riƙewa ba? A cikin VPC, wato netwok ɗin da ake keɓe maka a AWS, babu inda za ka taɓa suwic. Ni ban yi CCNA ba, kuma da aikin nan nake rufa wa kaina asiri.

Malam_Kebul:
Ranar da abu ya tsaya cak, wa kake kira?

Ɗan_Gajimare:
Ku, Malam. 😂 Amma ai ba kullum yake tsayawa ba.

Anti_Tamina:
Ƙanena, bar su su yi ta musunsu, zo mu duba abin da ya kawo ka. Da farko, kada ka sake goge sabar. Duk sanda ka goge, ka share sawun ɓarawon ne da hannunka. Na biyu, ka riga ka ba mu rabin amsa ba ka sani ba. Ka ce SSH yana shiga. Wannan kaɗai ya wanke abubuwa uku: sabar tana da adireshin waje, akwai mashigar intanet a VPC ɗin, teburin hanya kuma ya san da ita. Da ɗaya daga cikinsu ya samu matsala, ko SSH ɗin ba za ka samu ba. To me ya rage? SSH ƙofa ta 22 yake bi, manhajarka kuma tana 5000. Je ka buɗe rukunin tsaron da ke manne da sabar, ka karanto mana dokokin shigowa.

Sabon_Shiga:
Anti, doka ɗaya ce tak. TCP, 22, daga 0.0.0.0/0. Na gwada ping ma, umarnin taɓa saba a ji ko za ta amsa, babu amsa, shi ya sa na zaci sabar ce ta mutu.

Anti_Tamina:
Sabar da kake zaune a cikinta ta SSH ce ta mutu? 😄 Shi ping ba TCP yake amfani da shi ba, ICMP ne, kuma ba ka ba shi izini ba. Rukunin tsaro maigadi ne mai takarda a hannu: abin da ba a rubuta masa ba, ba ya shiga. Rashin amsar ping ba shaidar mutuwa ba ce.

Yanzu ka riƙe wannan, don zai yi maka amfani fiye da bidiyo goma. Kuskure iri biyu ne burauza take yawan nunawa, kuma ba ɗaya suke ba. In ta yi ta juyi har lokaci ya ƙure, fakitinka ya tafi ne wani ya yar da shi a hanya bai ce maka komai ba. Yawanci katangar tsaro ce ko ɓatan hanya. In kuwa nan take ta ce an ƙi haɗawa, to fakitin ya isa gidan, an leƙo an ce babu kowa a wannan ɗakin. Na farko ka yi sallama ne ba a amsa ba, na biyu an amsa an ce ba ya nan. Naka na farko ne. Ƙara doka: TCP, 5000, daga adireshinka kai kaɗai. Ka dawo ka faɗa mana.

Sabon_Shiga:
Na ƙara. An gudu ba a tsira ba, Anti. Yanzu ko juyin ba ta yi, nan take take cewa an ƙi haɗawa.

Anti_Tamina:
Madalla! Ci gaba ne wannan. Kuskuren ya canza, ka wuce maigadi ke nan. A cikin sabar rubuta `ss -tlnp` ka turo layin da ke da 5000.

Sabon_Shiga:
Yana nuna 127.0.0.1:5000.

Anti_Tamina:
Ga ɓarawon nan. 127.0.0.1 adireshin da kowace kwamfuta take kiran kanta da shi ne. Manhajarka tana saurare, amma maganar cikin gida kawai take ji. Haka Flask yake zuwa in ba ka canza ba, kuma da gangan aka yi shi don kada mai gwaji ya baje kolinsa ga duniya bai sani ba. In ka rubuta `curl 127.0.0.1:5000` a cikin sabar za ka ga shafinka sarai. Don a ji ta daga waje sai ka ce ta saurara a 0.0.0.0, wato a kan duk adireshin da sabar take da shi.

Wani abu da ya daɗe yana rikita ni sanda nake sabuwa: wannan 0.0.0.0 ɗin da 0.0.0.0/0 na cikin dokar tsaro kama suka yi, amma aikinsu daban. Na wajen saurare yana nufin "ta kowace fuska tawa". Na cikin doka yana nufin "kowa da kowa a duniya".

Mai_Gadi:
Tunda an zo kan "kowa da kowa", a ba ni dama. Ɗan'uwa, ƙofarka ta 22 a buɗe take ga duk duniya tun jiya. Kafin ka gyara komai, rubuta `sudo journalctl -u ssh` ka ga su wa suka yi ta ƙwanƙwasawa. Akwai manhajoji masu yawo dare da rana suna bin adiresoshin IPv4 ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofar 22 da 3389 (ta shiga Windows daga nesa). Ba kai suke nema ba, duk wanda ya bar ƙofa suke nema. Makullin SSH da kake shiga da shi ya kare ka, amma ka taƙaita dokar zuwa adireshinka.

Kuma kafin ka sa 0.0.0.0 ɗin da Anti ta ce, ka tabbata yanayin gyaran kuskure na Flask a kashe yake. In a kunne yake, shafin kuskurensa yana da wurin rubuta umarnin Python kai tsaye. Akwai lambar sirri a kai, amma ba abin da za ka jingina da shi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sabon_Shiga:
Innalillahi. Layuka ne rututu, ana gwada sunaye irin su root da admin, daga adiresoshin da ban taɓa gani ba. Ni da nake ganin ba wanda ya san da sabar nan sai ni! Bari in gyara in dawo.

Malam_Kebul:
To kun gani. Duk abin da Anti ta yi yanzu, akwai gajimare a ciki? Ƙofa, TCP, ICMP, adireshin kai, katangar tsaro. Netwok ne zalla. Maganata ta fito.

Ɗan_Gajimare:
Tawa ce ta fito, Malam. A ina ya koya? A kan sabar gajimare, cikin awa ɗaya, saboda abin ya dame shi. Da a littafi ya karanta cewa 127.0.0.1 adireshin kai ne, da jibi ya manta. Yanzu ko ya tsufa ba zai manta ba.

Malam_Kebul:
Saboda Anti tana nan. In ba ta nan fa? Goge saba zai yi ta yi har sau goma. Kuma wannan ƙaramar matsala ce. Bari in ba ka babba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga intanet kusan awa shida. Ba sabobinsu ne suka ƙone ba. Umarni ne aka bayar yayin gyara ya katse babbar hanyar da ta haɗa cibiyoyinsu, sabobin DNS ɗinsu, masu mayar da suna adireshi, da suka ga haka suka janye sanarwar BGP, wadda take faɗa wa sauran netwok ta ina ake zuwa wurinsu, sai duniya ta rasa hanyar zuwa wurinsu. Gida yana nan, an cire shi daga taswira. Wanda bai san DNS da BGP ba, ko labarin ba zai gane ba, balle gyara.

Ɗan_Gajimare:
Ni ma ina da tawa. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 S3 ya tsaya na awoyi a yankin us-east-1, shafuka da yawa suka bi shi. Dalili? Kuskuren rubuta umarni ne ya cire sabobi fiye da yadda aka yi niyya. Babu CCNA da zai hana wannan. Kuma Malam, tsakani da Allah, ɗan koyo ne za a ba BGP na Facebook ya gyara?

Anti_Tamina:
Ku biyun kuna jan igiya ɗaya ne ta baki biyu. Malam yana da gaskiya cewa ba a tsallake netwok. Ɗan_Gajimare yana da gaskiya cewa ba duka ake bukata kafin a fara ba. Inda na saɓa da Malam shi ne wata shidan nan. Abin da mai shiga gajimare ba zai iya rayuwa babu shi ba bai kai haka yawa ba: ya san adireshin IP da yadda ake yanka sabnet, wato raba netwok unguwa-unguwa, ya bambance adireshin cikin gida da na waje da abin da NAT yake yi a tsakaninsu, ya san teburin hanya, ya san TCP da UDP da lambobin ƙofa, ya san yadda DNS yake mayar da suna adireshi, ya san katangar tsaro. Mai zama awa ɗaya ko biyu kullum zai iya kama wannan cikin 'yan makonni, in yana gwadawa da hannu. Su OSPF da STP da saitin suwic, wanda zai zama injiniyan netwok ne ya wajaba a kansa.

Kuma akwai na ukun da ku duka ba ku ambata ba, alhali shi ya warware matsalar yau: Linux. Da bai iya shiga tamina ya rubuta `ss` ba, da har yanzu muna canki-canki. Yawancin abin da za ka haya a gajimare Linux ne a ƙarƙashinsa. Wanda yake tsoron baƙin allo zai sha wuya ko ta wace ƙofa ya shigo.

Ummi_Kod:
Sannunku. Ni ma sabuwa ce, ina bin zancen tun farko. Anti, wurin yanka sabnet ɗin nan ne na maƙale. Da na ga /24 ko /26 sai kaina ya ɗau zafi. Lissafi bai taɓa zama abokina ba. Ko dai abin ba nawa ba ne?

Malam_Kebul:
'Yata, wannan bar min shi. Ba lissafi ba ne na a zo a gani, ninkawa ce da rabawa biyu. Adireshin IPv4 bit 32 ne. Lambar da ke bayan sandar tana faɗa miki nawa ne daga cikin 32 ɗin aka ware wa sunan unguwa. Abin da ya rage na lambar gidaje ne. A /24, an ware 24, saura 8. Ki fara da ɗaya ki yi ta ninkawa har sau takwas, 256. Adireshi 256 ke nan. Na farko sunan unguwar ne kanta, na ƙarshe na shela ne ga kowa, saura 254 da za a raba wa na'urori.

Daga nan duk sanda lambar ta ƙaru da ɗaya, ki raba biyu. /25 128 ne, /26 64, /27 32, /28 16. Duk sanda ta ragu da ɗaya, ki ninka: /23 512, har ki kai /16 mai 65,536. Abin da yake ruɗa mutane shi ne lamba babba unguwa ƙarama, lamba ƙarama unguwa babba. Da kin saba da wannan juyin, kin gama rabin aikin.

Ga aikin gida. 192.168.10.70 da 192.168.10.130, in an ce /26 ne, unguwarsu ɗaya ko sai sun bi ta rauta kafin su yi magana?

Ɗan_Gajimare:
Ƙarin bayani kaɗan kan 254 ɗin Malam. A AWS da Azure biyar suke cirewa a kowane sabnet, ba biyu ba, don sun riƙe wasu na rauta da DNS. Wato /24 251 zai ba ki, /28 kuma 11 kacal. Na taɓa yanka /28 don tsimi, sabobi suka ƙaru, wuri ya ƙare, sai da na sake gini.

Malam_Kebul:
Au, ashe kai ma ka zauna ka yi lissafin.

Ɗan_Gajimare:
Bayan na sha wuya, Malam. Tunda an kama ni bari in ƙarasa tonon asirin kaina. Akwai sanda na gina VPC biyu, duka na ba su 10.0.0.0/16 saboda shi nake gani a kowane bidiyo. Ranar da aka ce a haɗa su su riƙa magana, abu ya ƙi, don ba a haɗa guda biyu masu adireshi iri ɗaya. Ta ina rauta za ta san wanne 10.0.1.5 ake nufi? Sai da aka kwashe ɗaya gaba ɗaya aka sake masa adireshi. Wannan kam da na san shi tun farko da na huta. Amma ban janye maganata kan wata shida ba.

Ummi_Kod:
To me ya sa kowa 10 ko 192.168 yake amfani da shi? Rautar da nake amfani da ita ma 192.168 ce.

Malam_Kebul:
Saboda bit 32 adireshi biliyan 4.3 ne kawai, ba su isa duniya ba. Sai a 1996 aka fitar da RFC 1918 da ta tsayar da gungu uku na amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16. Kowa zai iya amfani da su a cikin gidansa, amma ba sa tafiya a intanet. In za ki fita, rauta ta cire adireshinki ta sa nata na waje, ta rubuta a littafinta don in amsa ta dawo ta san mai ita. NAT ke nan. Duk da wannan dabarar, a Fabrairu 2011 IANA, hukumar da ke raba adiresoshi, ta raba gungun ƙarshe da ke hannunta. IPv6 mai bit 128 shi ne mafita, amma IPv4 ya ƙi tafiya. Ya yi tsada har AWS ta fara cajin kuɗi kan kowane adireshin IPv4 na waje tun Fabrairu 2024.

Mai_Gadi:
Wannan ya tuna min. Masu koyo, ku ji da kyau, don ni ta same ni. Na taɓa yin gwaji a wani kamfanin gajimare, na goge sabobin na tafi abina, na manta da mashigar NAT da na kunna. Ita kuwa da awa ake lissafinta, ko ana amfani da ita ko ba a yi. Ƙarshen wata na ga takardar biya, jikina ya yi sanyi. Laifina ne, a rubuce yake, ni ne ban karanta ba. Ranar da ka buɗe asusu, kafin ka kunna komai, ka yi abu uku: ka sa tabbaci mataki biyu a babban asusun, ka buɗe ƙaramin asusu na aikin yau da kullum, ka saita faɗakarwar kashe kuɗi. Ka karanta sharuɗɗan kyautar sababbin shiga da idonka, don suna canzawa, bidiyon bara zai iya yaudararka. Kada kuma ka taɓa sa makullin asusunka a cikin kod ɗin da za ka ɗora a GitHub. Akwai masu shara suna tsince su.

Anti_Tamina:
Shi ya sa nake cewa yawancin koyon farko ma ba sai a gajimare ba. In kwamfutarka tana da ɗan ƙarfi, sauke VirtualBox, ka ƙirƙiri kwamfutocin Linux biyu a cikinta, ka sa su a netwok ɗaya. Ka ba su adireshi da hannu, su yi ping. Ka canza sabnet ɗin ɗaya ka ga yadda maganar take yankewa. Ka ɗora nginx, manhajar miƙa shafukan yanar gizo, a ɗaya ka buɗe daga ɗayar. Ka toshe ƙofa ta 80 ka ga irin kuskuren, ka kashe nginx ɗin ka ga ɗaya irin. Ka ɓata da gangan, ka gyara.

Sannan Wireshark, manhajar da take nuna maka fakitin da ke wucewa. Ranar da na fara ganin SYN, SYN-ACK, ACK a jere a allona, gaisuwar nan uku da TCP yake yi kafin a fara magana, ranar na yarda ba tatsuniya malamai suke ba mu ba. Gani ya kori ji. Matakai bakwai na OSI da na haddace don jarrabawa sai a lokacin suka zauna min.

Ummi_Kod:
Batun satifiket fa? Wasu suna cewa in fara da Cloud Practitioner, wasu Network+, wasu CCNA.

Ɗan_Gajimare:
Cloud Practitioner na AWS da AZ-900 na Azure na sanin sunaye ne da ma'anoni. Suna da kyau don ki san garin, amma kada ki ɗauka su kaɗai za su sa a kira ki aiki. Solutions Architect Associate ko AZ-104 su ne suka fara nauyi, kuma a cikinsu za ki tarar da VPC da sabnet da DNS suna jiranki, babu gudu. Ki zaɓi kamfani ɗaya ki tsaya a kansa. Abin da AWS take kira VPC, Azure VNet take ce masa, ra'ayin ɗaya ne, in kin iya ɗaya ɗayan fassara ce.

Malam_Kebul:
Network+ ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba, ta fi sauƙin shiga. CCNA ta fi zurfi, kuma tun Fabrairu 2020 jarrabawa ɗaya ce, 200-301. Ni ita zan ce, amma na san za a ce na cika son kaina. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne haddar tambayoyin sata. Na zauna da mai satifiket uku, na ce kwamfuta ta samu adireshi mai farawa da 169.254, me ya faru? Ya rasa. Alhali kawai ta nemi DHCP ne, mai raba wa na'urori adireshi, ba ta samu ba, ta ba kanta.

Mai_Gadi:
Kuma don Allah a bar Kubernetes tukuna, mai sarrafa kwantenonin manhaja irin na Docker. Ina ganin masu wata biyu suna kokawa da shi. Docker ya fito 2013, Kubernetes 2014, duka an gina su ne a kan Linux da netwok. Matsalar 127.0.0.1 ɗin nan ta yau, ita ce dai za ta sake tare ka a cikin kwantena, ta sa sabuwar riga.

Sabon_Shiga:
Jama'a ya buɗe! Alhamdulillah. Amma ban bi ta 0.0.0.0 ba. Maganar Mai_Gadi ta tsorata ni, sai na yi bincike, na bar manhajar a 127.0.0.1 ɗinta, na ɗora nginx a gaba yana saurare a ƙofa ta 80 yana miƙa mata. Na buɗe 80 a rukunin tsaro, na goge dokar 5000, na mayar da 22 adireshina kaɗai. Da na danna mahaɗin da ke shafin EC2 ya sake yin juyi, gabana ya faɗi, sai na tuna maganar Anti: juyi, maigadi ne. Na duba sama, ashe https ya buɗe, wato 443, ni kuma ban buɗe ta ba. Na goge s ɗin, shafi ya fito.

Anti_Tamina:
Ka ga na ƙarshen nan ba wanda ya taya ka. Kuma hanyar da ka bi ta fi wadda na ba ka. Sai dai ka sani, adireshin da kamfanin intanet ɗinka yake ba ka yana iya canzawa. In gobe SSH ya yi ta juyi, kada ka goge saba, dokar 22 za ka sabunta. Haka adireshin sabar na waje, in ka tsayar da ita ka sake kunnawa sabo za ta samu, sai in ka kama mata na dindindin.

Malam_Kebul:
Barka ɗana. Na rage maka, ba sai wata shida ba. Amma ka yi min abu ɗaya: ka ɗauki takarda da biro ka zana tafiyar fakitin nan tun daga burauzarka, ta rautarka, ta NAT, ta mashigar intanet, ta rukunin tsaro, ta nginx, har manhajar, da dawowarsa. Duk inda biron ya tsaya, nan ne karatunka na gobe.

Sabon_Shiga:
Na gode Malam, na fara, kuma biron ya riga ya tsaya. Ban rubuta dokar da ta ba amsa izinin komawa wurin burauzata ba, kuma na goge dokar fita don gwaji, amma shafin bai daina buɗewa ba. Ta ina amsar take fita?

Mai_Gadi:
Rukunin tsaro yana da tunani, in ya bar fakiti ya shiga yana tuna shi, sai ya bar amsarsa ta fita ba tare da wata doka ba. Akwai ɗan'uwansa a matakin sabnet, NACL, shi ba ya tuna kowa, shiga da fita duk sai ka rubuta. Amma ka mayar da dokar fitan, in ba haka ba `apt update`, umarnin sabunta jerin manhajoji, zai tsaya maka, don shi sabar ce take fara maganar.

Ummi_Kod:
Malam, aikin gida. /26 64 ne, to unguwannin suna farawa daga 0, 64, 128, 192. Na 70 yana ta biyu, na 130 yana ta uku. Sai sun bi ta rauta. Daidai?

Malam_Kebul:
Daidai 'yata. To in /25 ne fa?

Ummi_Kod:
0 zuwa 127, sai 128 zuwa 255. Har yanzu a rabe suke. Sai a /24 za su haɗu.

Ɗan_Gajimare:
Malam ya samu almajira. Sabon_Shiga, in ka gama zanen ka goge sabar kafin ka kwanta, ka kuma leƙa ko akwai faifai ko adireshin da ya rage a baya. Gobe ka sake gina ta daga farko ba tare da bidiyo ba, wannan karon ka sa rumbun bayanai a sabnet ɗin da ba shi da hanyar waje, mu ga ta ina za ka shiga wurinsa.